Sama ma tana da doka

Jirgin sama ba ya bin inda ya ga dama. A shekara ta 1944, ƙasashe 52 suka sa hannu kan yarjejeniya a Shikago, cikin Amurka. Suka yarda kowace ƙasa ke da iko da samaniyarta.

A 1956, jirage biyu suka yi karo a samaniyar Amurka. Mutum 128 suka mutu. Kowane matuƙi ya dogara da idonsa kawai. Daga nan aka tsananta doka. Yau matuƙi yana bin hanyar da ma'aikatan ƙasa suka ba shi ta rediyo.

Nijar tana cikin ƙungiyar ASECNA, wadda aka kafa a 1959. Ma'aikatanta na Yamai ke yi wa jirage jagora a samaniyarmu.