Rabon Titi Tsakanin Motoci da Masu Keke da Masu Tafiya a Ƙasa a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Ƙaramar Hukumar Tarauni tana cikin ƙananan hukumomin birnin Kano da kewaye, hedikwatarta kuma tana Unguwa Uku. Faɗinta murabba'in kilomita 28 ne, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 221,367. Titin Zariya, wanda ya haɗa Kano da Kaduna da Abuja, ya ratsa ta Gyaɗi-Gyaɗi, ya wuce gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mutanen karkara da ke zuwa asibiti ko tashar Unguwa Uku ko kasuwar Tarauni, a kan wannan titi suke haɗuwa da tireloli da motocin haya da masu keke da masu turin baro.

Yadda abin ya faro

A da, keke shi ne abin hawan ma'aikaci da ɗan makaranta da manomi mai kawo kaya birni. Daga baya acaɓa ta mamaye tituna. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku, wato A Daidaita Sahu, musamman domin ɗaukar mata. A 2012 gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa hukumar KAROTA domin kula da zirga-zirgar ababen hawa. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a wajejen titin Gidan Zu, aka hana acaɓa a cikin birni. Tun daga nan A Daidaita Sahu ta yawaita, kuma da yake a gefen titi take tsayawa ta ɗauka ta sauke, sai ta shiga wurin da mai keke da mai tafiya a ƙasa suke bi.

Gadoji

Domin rage cunkoso, an gina gadar sama da ta ƙarƙashin ƙasa a shataletalen Dangi, inda titin Zariya ya haɗu da titin Gidan Zu. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a watan Yuli na 2021, sannan ya buɗe ta Hotoro a watan Janairu na 2023. Gadojin sun saukaka wa motoci tafiya. Sai dai mota idan ta samu sarari takan ƙara gudu, shi kuwa mai jinya da zai tsallaka zuwa asibiti, ko yaron da aka aika kasuwa, yana nan a ƙasa. Gefen titin ma da aka ware wa masu tafiya, sau da yawa masu tebura da 'yan tireda da motocin da aka ajiye sun cinye shi, dole mutum ya sauko kan kwalta. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da dama sun koma hawa keke da tafiya a ƙasa, don haka buƙatar wannan gefen titi ta ƙaru.

Abin da doka ta ce

Tun daga 1972 ake tuƙi ta hannun dama a Nijeriya. Saboda haka, inda babu hanyar masu tafiya, mai tafiya a ƙasa ya bi ta hannun hagu, yana fuskantar motocin da ke tahowa. Mai keke kuwa ya bi ta dama tare da motoci, kada ya yi musu kishiya, kuma ya sa fitila da dare. Ƙa'idojin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sun iyakance gudun mota a cikin gari zuwa kilomita 50 a awa.

Nauyin da ke kan ƙananan hukumomi

Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da tashoshin mota da tsara su, da gyaran titunan unguwanni da fitilunsu da magudanan ruwa, har da ba da lasisin kekuna da baro da amalanke. Ke nan, jami'in da ya ba mai tebur izinin kasa kaya a bakin titi, ko ya bari aka buɗe tasha a kan mahaɗa, yana da hannu a cunkoson da zai biyo baya. Korar 'yan kasuwa ba tare da an tanadar musu wani wuri ba, ba ta ɗorewa, domin abincinsu suke nema. Abin da ya fi shi ne a zauna da masu unguwanni da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin direbobi, a ware wurin kasa kaya da wurin lodi nesa da mahaɗa da ƙofar asibiti da makarantu.

Ana kuma jan hankalin baƙi daga karkara da su tsallaka titi a inda jami'an hanya suke tsaye, su riƙe hannun yara da tsofaffi, kuma su guji tsallakawa a bakin gangaren gada.