Yadda ake zaɓen girman taya da rim na jif mai amfani da lantarki

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu tambaya a kan motocin lantarki sun ƙaru a Najeriya. Kafin nan, a shekarar 2020, kamfanin Stallion ya fara harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas. Yawancin masu saye sun fi damuwa da batir da wurin caji. Sai dai girman taya da na rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai wanda wasu ke kira wili, yana shafar nisan zangon da caji ɗaya zai kai mota, da juriyarta ga ramuka, da kuɗin da za a riƙa kashewa, da tsaron rayukan waɗanda ke cikinta.

Ma'anar lambobin jikin taya

A gefen kowace taya akwai jerin lambobi, misali 255/45 R19 104W. Wannan shi ne girman da ke zuwa a kan yawancin Tesla Model Y. Lamba 255 faɗin tayar ce a milimita. Lamba 45 na nufin tsayin gefen tayar, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 45 cikin 100 ne na faɗin, wato kusan milimita 115. Harafin R yana nuna yadda aka jera zaren cikin tayar, 19 kuma faɗin rim ne a inci.

Lamba 104 ma'aunin nauyi ce: taya ɗaya za ta iya ɗaukar kilo 900. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne. H na nufin kilomita 210 a awa, V 240, W kuma 270.

Abin da ke faruwa idan rim ya ƙara girma

Kamfanonin ƙera motoci kan ba mai saye zaɓin rim biyu ko uku, amma tsayin ƙafar gaba ɗaya ba ya canzawa. A Model Y, taya 255/45 R19 da 255/40 R20 da 255/35 R21 duk tsayinsu kusan milimita 712 ne. Abin da rim ya ƙara, daga jikin roba aka rage shi. Gefen tayar inci 19 milimita 115 ne, na inci 20 milimita 102, na inci 21 kuwa 89 kacal.

Wannan gefen shi ne katifar farko tsakanin mota da titi. Idan siriri ne, sitiyari yana amsawa da sauri a kwana, motar kuma ta fi ɗaukar ido. Amma idan ta faɗa rami da gudu, robar na matsewa har rim ya daki bakin ramin. Daga nan sai zaren gefen ya tsinke taya ta yi kumburi, ko rim ya lanƙwashe, ko ya tsage. Tayar da ta kumbura a gefe ba ta ɗaukar faci, sai dai a canza ta. Ga kuma wata matsalar: motocin lantarki da dama, har da Model Y, ba sa zuwa da safayar taya.

Nisan zango

Babban rim yawanci ya fi nauyi, kuma irin buɗaɗɗen zanensa yana hargitsa iskar da ke wucewa ta gefen mota. Sau da yawa ana haɗa shi da taya mai faɗi ko mai laushin roba, wadda ke cin ƙarfi wajen mirginawa. A ƙiyasin Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, Model Y Long Range ta shekarar 2022 tana yin mil 330 da rim inci 19, kusan kilomita 531. Da inci 20 kuwa mil 318 take yi, kusan kilomita 512. Bambancin kilomita 19 ba abin a zo a gani ba ne a birnin da wuraren caji suka wadata, amma a doguwar tafiya a ƙasar da ba su da yawa, yana iya zama tsakanin isa gida da kwana a hanya.

Duk da haka, ƙaramin rim ba kullum yake nufin dogon zango ba. A motocin Rivian na farko, tayar inci 20 mai manyan haƙora ta shiga daji ta fi ta inci 21 ta kan kwalta cin batir. Irin robar da zanen tayar suna iya rinjayar girman rim.

A ƙasashen Tarayyar Turai ana liƙa wa sabuwar taya takarda mai nuna darajarta. Tun daga watan Mayun 2021, ana auna sauƙin mirginawa da riƙe jiƙaƙƙen titi daga A zuwa E. Mai neman tsimin batir kada ya dubi harafin farko kaɗai, domin na biyun ne ke nuna yadda birki zai kama da damina.

Nauyi ne kan gaba

Batir yana sa motar lantarki ta fi takwararta ta fetur nauyi. Model Y mai inji biyu ta kusa tan biyu ba tare da kowa a ciki ba. Injin lantarki kuma yana ba da ƙarfinsa nan take da zarar an taka totur, abin da ke sa taya saurin suɗewa a hannun direba mai fizgar mota.

Saboda haka tayoyin irin waɗannan motoci kan ɗauki alamar XL, wato masu ƙarin ƙarfin ɗaukar kaya. Daga shekarar 2021 aka fara fitar da masu alamar HL, waɗanda suka fi su. Girma ɗaya, 245/40 R19, yana ɗaukar kilo 670 a taya ta gama-gari, 750 a XL, 825 a HL. Ke nan mai shago na iya kawo taya wadda girmanta ya yi daidai, ta kuma hau rim lafiya lau, amma ta kasa nauyin motar. Ƙa'idar ita ce kada ma'aunin nauyi ko harafin gudu su gaza abin da aka rubuta a takardar da ke liƙe a jikin ginshiƙin ƙofar direba.

Kafin a canza rim

Ba inci kaɗai ake dubawa ba. Akwai yawan ramukan noti da tazararsu: Model Y da Hyundai Ioniq 5 duk 5x114.3 ne, Volkswagen ID.4 kuma 5x112. Akwai faɗin ramin tsakiya, wanda a Model Y milimita 64.1 ne, a Ioniq 5 kuma 67.1. Akwai lambar ET, mai nuna yadda rim ke shiga ciki ko fitowa waje. Shi ma rim yana da iyakar nauyin da zai ɗauka. Mai son rage inci ya tabbatar ƙaramin rim ba zai gogi birki ba, musamman a nau'o'in da aka sa wa manyan birki.

Masu sana'ar taya kan ba da shawarar kada tsayin sabuwar ƙafa ya bambanta da na asali fiye da kashi 3 cikin 100, domin malejin gudu da na'urar hana birki kullewa daga juyin ƙafa suke lissafi. Wasu motocin kuma tayar bayansu ta fi ta gaba faɗi, kamar ID.4 mai 235/55 R19 a gaba da 255/50 R19 a baya. Irin waɗannan ba a musanya tayoyin gaba da na baya don su suɗe tare.

Kasuwa da yanayin Najeriya

Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a 2008, don haka kasuwar ta dogara da tayoyin waje. Girman da ba a saba gani ba, kamar inci 21 mai siririn gefe, ya fi tsada da wuyar samu. Wannan ne ke tura wasu ga tayoyin gwanjo, waɗanda ke cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su.

Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna ranar ƙira: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka ƙera ta. A duba kuma darajar jure zafi, A ko B ko C; a kwaltar bazara A ce ta fi dacewa. Taya mai alamar dutse da ƙanƙara ta hunturun Turai ce, kuma tana saurin cinyewa a zafi.

Iska ma ba ta ƙiyasin ido ba ce. Model Y tana buƙatar psi 42, fiye da abin da masu faci suka saba ba ƙananan motoci. Ana aunawa da safe kafin a hau titi, kuma ba a rage wa taya iska tana da zafi. Wasu tayoyin motocin lantarki suna da soso manne a ciki don rage ƙara. A sanar da mai faci, domin sai ya yanke daidai wurin hujin kafin ya liƙa facin.

Ga mai zirga-zirga a hanyoyi masu ramuka ko doguwar tafiya tsakanin jihohi, mafi ƙanƙantar rim da kamfanin ya amince da shi ne ya fi alfanu: roba mai kauri, zango mai tsawo, farashi mai sauƙi. Babban rim ya fi dacewa da wanda ba ya barin titunan birni masu kyau, kuma zai iya sayen sabuwar taya a duk ranar da rami ya ci ɗaya.