Ƴar kyamarar aljihu da gardamar "tawa ta fi taka"

Yau tarihin wata ƴar na'ura za mu taɓo, wadda ta yi tashe ta kuma ɓace a gaban idonmu: kyamarar aljihu, wadda masu hoto ke ratayawa a hannu wajen biki da suna kafin salula ta karɓe aikin. In kun tuna, masu ita ba su da hira sai gardama. Wannan ɗan Sony ne, wancan ɗan Canon, kowa na rantsuwa da tashi kamar ƙungiyar ƙwallo.

Abin ya faro ne a Amurka a 1975, lokacin da wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim. Nauyinta ya fi kilo 3 da rabi, hoto baƙi da fari take ɗauka, kuma sai ta yi sakan 23 kafin ta zuba hoto guda a kan kaset. Kodak ba su yi zumuɗin kai ta kasuwa ba, don da fim suke cin abinci.

Ƴan Japan ne suka maida ita kayan aljihu. A 1995 Casio ya fiddo QV-10 mai ɗan allo a baya, ka ɗauka ka gani nan take, in bai yi ba ka goge. Sony ya biyo da Cyber-shot a 1996, Canon kuma ya zo da IXUS a 2000, wadda girmanta bai wuce kwalin taba ba. Daga nan kasuwa ta buɗe.

To mi ya kawo wannan riƙon amana ga sunan kamfani? A wajen masu manyan kyamarori dalilin a fili yake. Gilashin da ake ɗaurawa a gaba ya kan fi kyamarar kanta tsada, kuma na Nikon ba ya shiga bakin Canon. Wanda ya tara gilasai na shekara goma ba ya sauya gida don ya ji an yabi wani. Amma ƴar ƙaramar, gilashinta a manne yake, don haka sai kamfanoni suka samo wata igiyar. Sony ya yi katin ajiyar hotonsa na kansa, Memory Stick, a 1998. Olympus da Fujifilm suka yi nasu, xD, a 2002. Batiri da caja ma kowa da kalar nasa. Ka sayi kati biyu da batirin safiya, ran da kyamarar ta mutu sai ka ga arha gare ka ka koma gidan jiya. A ganina rabin abin da ake kira ƙauna, wannan ne. Sauran rabin sabo ne: yatsa ya san inda maɓalli yake, ido ya saba da yadda kyamarar ke fiddo launin fata. Mai hoton biki kuwa ya san in amarya ba ta yi kyau ba, ba za a sake kiran shi ba.

Sai kuma tseren megafiksel. Kowace shekara a ƙara lamba a jikin kwali, 5, 8, 12, mai saye na ganin babbar lamba ita ce babban hoto. Masu gwada kyamarori suna rubuta sharhi su ne suka tona asirin: in aka cusa ɗigo da yawa a ɗan ƙaramin idon na'ura, hoton dare sai ya fito da tsakuwa-tsakuwa. Fujifilm F30 ta 2006, mai megafiksel 6 kacal, ta sha yabo wajensu saboda aikinta cikin duhu. Canon da kansa ya ja da baya: G10 ta 2008 tana da kusan 15, G11 da ta gaje ta a 2009 aka maida ita 10. Duk da haka ɗan ga-ni-kashe-ni ba ya karanta sharhi don ya sauya ra'ayi, neman inda aka yabi tashi yake.

A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kusan miliyan 121, mafi yawansu na aljihu. Nan ne ƙololuwa. Salula mai kyamara ta zo, hoto ya koma abin da ake ɗauka a tura nan take, ba sai an je shagon wanki ba. Zuwa 2023 na aljihu ba su kai miliyan 2 ba a shekara.

Kamfanonin kuwa ba su tsaya jiran masoyansu ba. Kodak ya durƙushe a watan Janairun 2012, ya bar ƙera kyamara. Casio, wanda ya fara sa allo, ya fita a 2018. Olympus ya sayar da sashen kyamararsa a 2020. Katin xD ma an daɗe da barin shi, duk wanda ya tara su sai dai ya adana don tarihi.

Abin mamaki, samari da ƴan mata sun sake waiwayar ta. Tun wajen 2022 Fujifilm X100V ta yi suna a TikTok har ta yi wuyar samu, tsofaffin IXUS da Cyber-shot da aka jefa cikin akwati suka koma yin kuɗi, wai hotonsu na da kalar da. Kyamarori masu sunan Kodak ma suna nan ana saye. Sai dai ba Kodak ke yin su ba: tun 2013 wani kamfani, JK Imaging, ya karɓi hayar sunan yana liƙawa a nasa kaya.