Dokar da ta tsare burodi ta haifi giyar Jamus

Ranar 23 ga Afrilu 1516, a garin Ingolstadt, sarakunan Bavariya biyu, Wilhelm na 4 da ƙanensa Ludwig na 10, suka kafa doka cewa kada a dafa giya sai da abu uku: sha'ir, da ruwa, da furen hop, wani tsiro mai yaɗo wanda ɗacinsa ke hana giya lalacewa. Ba a ambaci yisti ba. Jamusawa na tinƙaho da wannan doka, suna kiran ta Reinheitsgebot, wato dokar tsarki, amma wannan suna bai bayyana ba sai a farkon ƙarni na 20. Abin da ya dami sarakunan ya fi kusa da ciki. Masu giya da masu gashin burodi suna rububin alkama ɗaya, kuma in hatsi ya yi tsada gari ba ya kwana lafiya. Sai aka bar wa masu burodi alkama, aka kuma ƙayyade kuɗin da za a sayar da mudun giya.

Masu kafa doka su ne suka fara tsallake ta. A 1548 aka ba gidan Degenberg izinin dafa giyar alkama. Da zuriyarsu ta ƙare a 1602, sai Maximilian na 1 ya mayar da sana'ar hannun fada, ribarta ta riƙa shiga baitulmali. Farar giyar nan mai duhu-duhu da matafiyi ke tararwa a Munik, Weissbier, jikar wannan cinikin ce.

Wata doka ta 1553 ta hana dahuwa daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba, saboda zafi na ɓata giya. Dole aka riƙa dafa mai ƙarfi a watan Maris, a ajiye ta cikin ramuka masu sanyi har kaka. Daga nan aka samu Märzen, wadda daga baya ta zama giyar bikin Oktoberfest, bikin da ya faro daga auren yarima Ludwig a 1810.

Sauran yankuna ba su bi Bavariya da son rai ba. Sai a 1906 dokar ta game ƙasar duka, kuma giyoyin arewa da yawa da ake sa wa kayan ƙamshi suka ɓace. Gose ta Goslar da Laifzik, mai gishiri da tsami, ta mutu a 1966, ba ta farfaɗo ba sai cikin shekarun 1980. Waɗanda suka tsira sun riƙe garinsu kam. A Kolon ana shan Kölsch, fara mai sauƙi, cikin siririn kofi. A Dusaldof, tafiyar kilomita arba'in kacal, Altbier ce mai launin jan ƙarfe, kuma baƙon da ya nemi ta wancan gari a wannan ya jawo wa kansa ba'a. Bambag ta fi cancantar a tsaya: can har yanzu gidajen Schlenkerla da Spezial na busar da tsirarren sha'ir bisa wutar itace, yadda ake yi kafin zuwan injuna, har giyar ta ɗauki ƙanshin hayaƙi kamar kilishi.

A 1987 kotun Turai ta yanke hukunci cewa Jamus ba ta da ikon hana shigo da giyar waje da sunan wannan doka. Masu dafawa na cikin gida suka ci gaba da buga 1516 a jikin kwalabensu.