Ilimin Ƙananan Yara a Ƙasar Bade

Ilimin ƙananan yara shi ne renon da ake yi wa yaro kafin ya shiga firamare. A tsarin da Maria Montessori ta fara a birnin Rum cikin 1907, yaro ne ke zaɓar abin da zai yi. Malama takan tanadi kayan aiki daidai tsayinsa, ta zuba ido, ba ta sa baki sai ya nemi taimako.

A Najeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya wannan mataki cikin ilimin tushe, manufar ilimi ta ƙasa kuma, har zuwa 2025, ta ce a koyar da yaro da harshen gida ko na unguwarsu. A Dagona, cikin Ƙaramar Hukumar Bade, a lokacin wannan na nufin Badanci ko Hausa. Kayan koyo kuwa ga su a ƙofar gida: yumɓu, kaba, tsakuwar ƙirge, da tsuntsayen da ke sauka a fadama lokacin hunturu.

Wuyar aikin tana ga malami, domin wanda ya saba da bulala da haddar dole sai an sake masa tarbiyya. Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke Gashuwa tana horar da malamai masu shaidar NCE, mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar.