Birus a Aljihu: Yadda Cutar Kwamfuta Ta Biyo Hanyar Damagaram

Ƙwayar cutar kwamfuta, wadda a Nijar aka fi sani da birus, ƙaramar manhaja ce da wani ya rubuta da gangan domin ta kutsa cikin na'ura ba da sanin mai ita ba, ta hayayyafa, ta yi ɓarna ko sata. A ƙasar Damagaram yawancinta ba ta intanet ta fara isowa ba. A aljihu ta zo, cikin kile, wato filash, da katin memori, tana bin titin da mutane da kaya suka saba bi, daga Kano zuwa Damagaram, daga nan ta yi gabas zuwa Mirya da Gidimuni da Gure.

Tun asali da hannu cutar ta fara yawo. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta Brain, wadda ke maƙalewa a faifan adana bayanai na wancan zamani. Duk kwamfutar da aka tayar da faifan a cikinta sai ta kamu, ita ma ta shafa wa faifai na gaba. A Nuwamban 1988 wani ɗalibi a Amurka, Robert Morris, ya saki wani nau'i da ake kira tsutsa, mai tsallakawa da kanta daga na'ura zuwa na'ura, ta durƙusar da kwamfutoci kimanin 6,000. A Mayun 2000 kuma ILOVEYOU ta fito daga Filifin cikin rigar wasiƙar soyayya, ta mamaye akwatunan imel na duniya. Waɗannan ba su taɓa mutanen Damagaram sosai ba, domin sai ƙarshen shekarun 1990 intanet ta shigo Nijar ta hannun kamfanin sadarwa na Sonitel, kuma ta daɗe tana tsugune a Yamai.

Al'amarin ya sauya da yawaitar shagunan sibar da na buga takardu, da kuma buɗe jami'ar Damagaram a 2010. Kwamfuta ɗaya a shago sai ta karɓi kile da yawa tsakanin safe da yamma: na ɗalibi mai kundin kammala karatu, na malamin da ya taso daga Gidimuni da tambayoyin jarrabawa, na sakataren ƙungiyar manoma mai rahoto. Windows ta lokacin tana buɗe abin da ke cikin kile da kanta da zarar an soka shi, kuma ta wannan ƙofa tsutsotsi irin su Conficker, wadda ta ɓulla a ƙarshen 2008, suka samu shiga. Da Microsoft ya toshe ƙofar ga tsoffin Windows a 2011, sai masu rubuta cutar suka ƙara dogara da wata dabarar, ta sa mutum ya buɗe mata da hannunsa.

Wannan ce birus ɗin rakursi, wadda duk mai shago ya san ta. Mutum zai soka kile ya tarar da sunayen takardunsa duk suna nan, amma kowanne da 'yar kibiya a gindinsa. Abin da cutar ta yi shi ne ta ɓoye takardun na gaskiya, ta ajiye masu kama da su a gurbinsu. Idan ya latsa ɗaya, sau da yawa takardar tana buɗewa kamar babu komai, alhali a wannan latsawar cutar ta sauka cikin kwamfutar tana jiran kile na gaba. Abin takaici shi ne takardun ba su mutu ba, suna nan a ɓoye, kuma wanda ya san aiki yana iya fito da su cikin 'yan mintoci. Amma mutane da dama, cikin ruɗewa, sai su yarda a wanke kile ɗin gaba ɗaya, aikin watanni ya salwanta a banza.

An daɗe ana ɗaukar wannan cuta a matsayin fitina kawai, irin ta ƙuda. Kuskure ne babba. Wasu daga cikin dangoginta, kamar Houdini da masu bincike suka bayyana a 2013, ƙofa suke buɗe wa wani mutum can nesa, ya riƙa ba na'urar umarni yana kwasar abin da yake so. A Yunin 2014 Microsoft ya kai ƙara wata kotun Amurka kan irin waɗannan guda biyu, Jenxcus da Bladabindi, ya ambaci wani ɗan Kuwait da wani ɗan Aljeriya a matsayin masu hannu a ciki. Bladabindi tana iya naɗe duk abin da aka buga a madannai, har da kalmar sirri, tana kuma iya kunna kyamarar kwamfuta. Rashin intanet mai ɗorewa ne ya kare mutane da yawa a karkara, domin ɓarawon ba ya samun hanyar ɗaukar abin da aka tara masa.

Dalilan da suka ba cutar wurin zama a bayyane suke. Yawancin kwamfutocin gida 'yan Kwatano ne, da Windows ɗin da ba na asali ba. Wasu sun ci gaba da aiki da Windows XP bayan an daina yi mata gyara ranar 8 ga Afrilun 2014. Manhajar riga-kafi kuwa, idan ba a sabunta ta ba saboda tsadar data, sababbin cututtuka wuce ta suke yi. Sai kuma manhajojin da aka fasa makullinsu ana rabawa kyauta, waɗanda da yawansu kura ce da fatar akuya. Mai sauƙi cikin cututtukan da suke ɗauke da su ita ce mai cika allo da tallace-tallace.

Mai tsananin ita ce mai garkuwa da bayanai. Ita ma tsohuwa ce: a 1989 wani mai suna Joseph Popp ya aika faifai kimanin 20,000 ta gidan waya da sunan bayani kan cutar sida, suna kulle na'ura suna neman dalar Amurka 189 a aika Panama. WannaCry ta Mayun 2017 ta fi yin suna, don ta shafi ƙasashe kusan 150 har da asibitocin Ingila. Amma wadda ta fi cin masu kwamfutar gida ita ce STOP, mai zuwa cikin fasassun manhajoji tun 2018. Tana kulle hotuna da takardu, ta bar wasiƙar neman kuɗi; ta daɗe tana neman dala 980, ko rabin haka ga wanda ya biya cikin kwana uku.

A yau kwamfutar yawancin gidaje a Gidimuni ita ce wayar hannu, kuma cutar ta bi mutane can, ta wurin masu tura fina-finai da waƙoƙi a kati, da manhajojin da ake miƙawa daga waya zuwa waya. Wani lokaci ma tun daga kwali take zuwa. A 2020 kamfanin Upstream ya ba da rahoton gano cutar Triada a wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a Habasha, Kamaru, Masar, Gana da Afirka ta Kudu, tana yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba tana cinye musu kuɗin waya. Masu ƙera wayar sun ce daga wani mai kawo musu kaya matsalar ta fito.

Nijar ta kafa dokar hukunta laifukan intanet ranar 3 ga Yulin 2019, wadda ta haramta kutse cikin na'urar wani da lalata bayanansa. Sai dai marubutan waɗannan cututtuka galibi suna wasu ƙasashe, inda hannun alƙalin Damagaram ba ya kai wa, shi ya sa har yanzu wanda abin ya shafa teburin mai gyara yake nufa, a Kasuwar Dole ko bakin tasha.