Bashin Yayye A Wuyan Ƙanne: Tarihin Hawa Da Faɗuwa A Gasar Ƙwallon Matasa

Ranar 30 ga Afrilun 1898 aka buga wani wasa a Ingila tsakanin Stoke da Burnley, wanda har yau masu bin tarihin tamaula ba sa ambatonsa da alheri. Shekara goma kafin nan William McGregor na Aston Villa ya jagoranci kafa gasar lig ta farko a duniya da ƙungiyoyi 12, a 1892 kuma aka ƙara rukuni na biyu. Don a tantance wa zai hau, wa zai sauka, sai aka riƙa haɗa na ƙasan teburin babban rukuni da na saman ƙaramin rukuni su kara a ƙarshen kaka. A wannan rana ƙungiyoyin biyu sun shiga fili da sanin cewa canjaras ya wadatar da kowaccensu, suka yi ta gara ƙwallo babu mai neman raga, aka tashi babu ci. Ran 'yan kallo ya ɓaci, mahukunta suka soke wasannin tantancewa, daga kakar 1898/99 aka koma tsarin da duniya ta sani yau: biyun ƙarshe su faɗa kai tsaye, biyun farko na ƙasa su hauro. Abin lura a nan shi ne an ɗinka wannan tsari ne don manya, ƙwararrun da ake biya albashi, a ƙungiyoyin da ke rayuwa da kuɗin tikiti. Ana son kowane wasa ya yi zafi har ranar ƙarshe don mutane su ci gaba da cika fili. Ƙungiyar da ta faɗa, mafi yawan 'yan wasanta ne za su sha wahalar ƙaramin rukuni a baɗi, su ne kuma ke da damar wanke kansu. Wanda ya ci bashi shi yake biya, shi ya sa ake kiran tsarin adalci.

Da ƙwallon yara da matasa ta bunƙasa a ƙarni na ashirin, sai hukumomi suka kwafi tsarin manya kacokan suka ɗora mata, ba tare da tsayawa a tambayi ko ya dace ba. Babu ƙasar da ta fi Jamus nuna inda wannan hanya ke kaiwa. A gasar Turai ta 2000 Jamus ta koma gida tun zagayen rukuni da maki ɗaya da ƙwallo ɗaya tal, Fotugal ta zura mata uku babu ko ɗaya. Kunyar ta sa aka wajabta wa ƙungiyoyin Bundesliga buɗe makarantun horar da matasa daga 2001, a 2003 aka kafa Bundesliga ta 'yan ƙasa da shekara 19, a 2007 aka bi da ta 'yan ƙasa da 17. An raba kowacce shiyya uku, Arewa da Arewa maso Gabas, Yamma, sai Kudu da Kudu maso Yamma, kowace shiyya da ƙungiyoyi 14 a bisa al'ada, ukun ƙarshe kuma su faɗa. Shekara ashirin da ɗaya gasar 'yan 19 ta yi a haka. Daga kakar 2024/25 hukumar ƙwallon ƙasar, DFB, ta rushe gasannin biyu ta kawo wata sabuwa wadda duk ƙungiyar da ke da makarantar horarwa mai lasisi ba ta faɗuwa. Ƙasar da ta ci Kofin Duniya sau huɗu ba ta yi haka don tausayin yara ba. Ta yi ne bayan an fitar da ita a zagayen rukuni a Rasha a 2018, aka sake maimaita mata a Katar a 2022, masana suka zauna suna binciken abin da ya sa makarantun suka daina fitar da 'yan wasa masu yanka da ƙirƙira.

A ganina Jamusawa sun yi daidai, kuma hujjar farko tana cikin yadda tawagar matasa take. Ƙungiyar manya tana iya riƙe ɗan wasa shekara goma, amma tawagar 'yan ƙasa da 19 haihuwar shekara biyu kaɗai take ɗauka, kuma manyan cikinsu, waɗanda su ne suka fi samun shiga fili, kowace kaka sai sun wuce. Idan tawagar bana ta yi rauni ta faɗa, waɗanda suka jawo faɗuwar sun tafi abinsu, sai ƙannensu da ba su buga ko minti ɗaya ba su gaji ƙaramin rukuni. Wataƙila ma waɗannan ƙannen su ne haziƙan da kulob ɗin bai taɓa samun irinsu ba, amma za su ƙare shekararsu mafi muhimmanci suna lallasa waɗanda ba sa'anninsu ba, ko kuma iyayensu su kwashe su zuwa wani gari. Haka nan idan aka juya: gwanaye su hauro da kulob, su bar wa raunanan ƙanne rukunin da ya fi ƙarfinsu, su yi ta shan kashi mako bayan mako. Manufar raba rukuni tun asali ita ce a haɗa kowa da daidai shi. A ƙwallon matasa tsarin yakan yi lattin shekara guda cur, yana auna wasu yara yana yanke wa wasu hukunci.

Hujja ta biyu ta shafi koci. Mutumin da aikinsa da albashinsa suka rataya a kan kada tawagarsa ta faɗa, ba za a zarge shi ba idan ya zaɓi abin da zai kawo maki ranar Asabar. A wasan yara kuwa abin da ke kawo maki da sauri shi ne girman jiki. Tun 1985 Roger Barnsley da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa a wasan hoki na ƙanƙara waɗanda aka haifa a farkon shekara sun fi yawa nesa ba kusa ba a manyan tawagogi, daga baya aka tarar da abu ɗaya a ƙwallon ƙafa a ƙasashe da dama. Dalilin a fili yake. A Jamus ana lissafin shekarun gasa daga 1 ga Janairu, don haka yaron Janairu da yaron Disamba suna aji ɗaya alhali akwai kusan shekara a tsakaninsu, kuma ga ɗan shekara goma sha uku wannan tazara tana iya zama bambancin wanda ya balaga da wanda bai fara ba. Kocin da ke jin tsoron faɗuwa zai sa ƙaton, ya ajiye ƙaramin a benci, ya hana mai tsaron baya fita da ƙwallo a ƙasa, ya tsawata wa duk yaron da ya gwada yanka ya rasa. Sheffield Wednesday ta sallami Jamie Vardy yana ɗan shekara 16 saboda ƙanƙanta, shi ne kuma ya zo ya ɗauki Firimiya da Leicester a 2016. Antoine Griezmann sai da ya ƙetara Sifaniya, zuwa Real Sociedad, bayan kulob-kulob ɗin Faransa sun raina jikinsa. Waɗannan biyun sun tsira ne don sun dage, kuma sun yi sa'a. Yaran da suka haƙura suka ajiye takalmi babu wanda ya rubuta sunayensu.

Masu adawa da sauyin ba sakarkaru ba ne, kuma maganarsu tana da nauyi. Suna cewa ai tsohon tsarin ne ya raini Manuel Neuer da Thomas Müller da Toni Kroos da Mario Götze, waɗanda suka ɗaga Kofin Duniya a 2014. Suna ƙara da cewa a 2023, ana dab da soke shi, matasan Jamus 'yan ƙasa da 17 sun ci kofin Turai, suka kuma doke Faransa a bugun fenariti a Indunusiya suka ci na duniya. Sannan ga Italiya da ta bi kishiyar hanya: a kakar 2017/18 ta raba gasar matasanta ta Primavera gida biyu ta shigar da hawa da faɗuwa, har tawagar matasan AC Milan ta faɗa a 2019, kuma a 2023 Italiya ta ci kofin Turai na 'yan ƙasa da 19 ta kai wasan ƙarshe na duniya na 'yan ƙasa da 20. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai zuriyar 2014 ta fito ne daga abubuwa da yawa da aka yi a lokaci guda, wato makarantu, ƙwararrun masu horarwa, da cibiyoyin zaƙulo yara a faɗin ƙasa, babu kuma wanda ya isa ya ware faɗuwa ya ce ita ce sirrin. Wannan tsarin dai shi ne ya raini waɗanda suka kunyata a 2018 da 2022. Batun Italiya kuwa, a shekarar 2023 ɗin da ake alfahari da ita, Lecce ce ta ci Primavera da tawagar da kusan dukkanta 'yan ƙasashen waje ne, abin da ya tayar da muhawara a ƙasar. Idan aka tsananta wa kulob a kan sakamako, sayen wanda ya riga ya nuna ya fi masa sauƙi a kan rainon ɗan unguwa.

Akwai wata adawar da ta fi wannan shiga zuciya, ta masu cewa yaron da bai ɗanɗani ɗacin rashin nasara ba ba zai yi jarumta ba. Hans-Joachim Watzke, jigo a Borussia Dortmund kuma mataimakin shugaban DFB, ya fito fili a 2023 ya soki wani sauyi da DFB ta ɓullo da shi a wasan ƙananan yara da irin wannan hujja. Da a ce an hana yara cin wasa da faɗuwa wasa ne, da ni ma ina bayansa. Amma a duba abin da aka yi. A wasan 'yan ƙasa da shekara tara an daina ajiye teburin kaka, an koma ƙananan tawagogi, kamar 'yan biyu-biyu ko uku-uku, a ƙananan filaye da aka jera. Bayan 'yan mintoci, tawagar da ta ci ta matsa fili na gaba, wadda aka ci ta koma na baya. Yaro yana iya hawa da sauka sau da yawa kafin azahar, da ƙafarsa ya jawo, shi kuma zai gyara nan take. A matakin 'yan 17 da 19 ma haka abin yake da ɗan faɗi. A kakar farko an raba ƙungiyoyi 64 rukuni takwas bisa kusancin gari, ukun farko na kowane rukuni suka wuce Lig A, sauran suka tafi Lig B, daga Lig A kuma aka shiga sili-ɗaya-ƙwale har zuwa kofi. Wasan ƙarshe na 'yan 19 a 2025 an tashi FC Köln 5, Bayer Leverkusen 4. Wanda ya kalli irin wannan ba zai ce an kashe gasa ba. Abin da aka cire kawai shi ne gadon hukunci daga wata zuriya zuwa wata.

Ingila ma, mahaifar tsarin, ta juyo. Tun 2008 hukumar FA ta hana wallafa teburin 'yan ƙasa da shekara takwas, daga baya ta faɗaɗa hanin har zuwa 'yan ƙasa da 11. Gasar Premier League 2 ta matasan manyan kulob ta yi shekaru tana da rukuni biyu masu hawa da faɗuwa, amma a kakar 2023/24 aka haɗe ƙungiyoyi 26 a teburi ɗaya, kowacce ta buga wasa 20, 16 na sama su fafata neman kofi.

Inda sabon tsarin Jamus yake da tabo na gaske shi ne wajen ƙananan kulob. Kariyar da aka bayar ta masu makaranta mai lasisi ce kaɗai, wato masu kuɗi. Kulob ɗin unguwa da ya yi ƙoƙari ya kutsa cikin gasar dole ya ci gaba da kare gurbinsa da sakamako, yana karawa da waɗanda ko sun zo na ƙarshe babu abin da zai same su. Wannan rashin adalci ne, kuma yana iya ƙara tura yara masu baiwa su bar garuruwansu da wuri. Amurka ta nuna inda rufaffiyar gasa ke iya kaiwa idan aka sake: manyan gasannin matasanta ana shigarsu ne da amincewar masu gasar, iyaye da yawa kuma suna biyan kuɗi masu yawa kafin ɗansu ya samu gurbi, ɗan talaka ya tsaya a waje. Maganin dai ba komawa tsohon tsari ba ne. Kamata ya yi a buɗe ƙofar tantancewa a farkon kowace kaka ga kowa, babba da ƙarami, a auna yaran bana da ƙwazon bana.

Mu a Najeriya mun san farashin fifita kofi a kan raino fiye da kowa. Golden Eaglets sun ci Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai haka, amma Super Eagles ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar manya ba. A 1989 FIFA ta dakatar da ƙasar daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace mata karɓar baƙuncin gasar matasa ta 1991. Duk inda aka ɗora wa manya tsoron faɗuwa a kan wasan yara, wani zai rage shekara. Don haka kirana ga hukumomin ƙwallon jihohi da masu shirya gasar yara a Kano, Kaduna, Jos, Maraɗi da Damagaram shi ne su raba rukuni a cikin kakar da ake ciki, bayan zagayen farko, su share teburi idan kaka ta ƙare, kuma su auna koci da yawan yaran da ya kai mataki na gaba, ba da gurbin da ya kare ba.